Amsa kan abin da sandar giya ke yi a ciki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi me ke faruwa idan ka tura sandar giya, da dalilin da Golf ɗinka ke yin ƙarrr in za ka sa lamba biyu. Na daɗe ina jan J5 tsakanin Gumel da kasuwar Maigatari, amma ban gane ba sai ranar da bakanike ya sauke giyabos ɗina ya baje shi kan buhu a gabana.

Da ina zaton sandar ce ke cusa haƙoran wannan giya cikin na waccan. Ashe giyoyin gaba duk a sarƙe suke kullum, ko kana firi, wato ba ka sa kowace lamba ba. Sai dai a kowace lamba, giya ɗaya tana juyawa ne sake a kan ƙarfen da ke ɗauke da ita. Tsakanin kowace biyu akwai zobe mai haƙora ta ciki, da wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa da ke riƙe da shi. In ka karkata sanda hagu ko dama, gwafar da za ta yi aiki kake zaɓa. In ka tura gaba ko baya, sai ta ja zoben ya kulle giyar da ƙarfen.

Maganar ƙarar taka kuwa, akwai wani siririn zoben tagulla, kamar awarwaro, da ake kira sinkuro. Shi ke fara goga giyar har gudunta ya zo ɗaya da na zoben nan mai haƙora kafin haƙora su shige. Nawa da aka ciro ya suɗe sumul, zanen cikinsa ya shafe, man giyar kuma yana ƙyalli da garin tagulla. Lamba biyu ta fi saurin cinyewa, don ita ke shan wahala a rairayi da lodi. Ribas a yawancin tsofaffin motoci ba ta da wannan zobe, shi ya sa sai mota ta tsaya cak kafin ka sa ta.

Kafin ka yarda a sauke giyabos, a duba kuloci. In duk giyoyi ke gardama, har da ribas, kulocin ne ba ya saki sosai. In lamba biyu ce kaɗai, galibi sinkuro ne. Kafin ka samu kuɗin gyara, taka kuloci har ƙasa, ka ɗan dakata a firi, sannan ka tura a hankali. Kuma don Allah ka daina ɗora hannu kan sandar kana tafiya, gwafar kake cinyewa.