Tambaya da Amsa: Zan iya ɗaura wa Corvette ƙirar 1977 bambar baya ta 1980?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, bara na sayi tsohuwar Chevrolet Corvette ƙirar 1977. Inji lafiya lau, amma bambar baya ta tsattsage, ko da yatsa ka danna sai ta marmashe. Tunda dole in sauya ta, raina ya biya da irin ta 1980 zuwa 1982, mai tudun nan da ya ɗaga sama kamar jelar agwagwa. Za ta zauna ba tare da an yanka bodi ba? Kuma ba zan karya darajar motar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta zauna, kuma ka yi sa'ar shekara. Da motarka ƙirar 1972 ce, da amsata ta sha bamban.

Wannan zubin na Corvette, wanda masu harkar ke kira C3, an ƙera shi daga 1968 zuwa 1982, amma bayansa kashi biyu ne. Daga 1968 zuwa 1973 bambar baya siraran ƙarafa ne guda biyu masu ƙyalli, ƙugun motar kuwa haɗe yake da bodi, salansa ma ta jikin faifan ƙasa take leƙowa. Sai gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa dole mota ta jure karon mil 5 a awa, wato kimanin kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan kariya sun lalace ba. Shi ya sa a 1973 aka sa wa gaba hancin roba, a 1974 aka bi da baya. Daga nan ƙugun ya zama murfin roba da ake ɗaurewa da notuna, ƙarfen da ke karɓar duka yana ɓoye a ciki. Ta 1974 ɓari biyu ce, da tsaga a tsakiya, daga 1975 ta koma guda. To duk motar da ke tsakanin 1974 da 1979 tana da bakin da murfi ke zama a kai, taka na ciki. Mai ƙirar 1968 zuwa 1973 kuwa sai ya sa zarto ya datse ƙugun motarsa, kuma waɗannan masu bambar ƙarfen su ne masu tsada a kasuwa. Wanda ya yi haka ya sayar da akuya ya sayi kaza.

Batun daraja kada ya hana ka barci. A 1977 kaɗai an ƙera Corvette sama da 49,000, a 1979 aka kai 53,807, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a tarihin motar. Ba abar da ta yi ƙaranci ba ce. In ba motarka na nan da fentinta na asali da takardunta cif ba, ba wanda zai rage maka kuɗin kirki don ka sauya murfin da ya riga ya mutu. Ka dai adana tsofaffin fitilu da tambarin suna a kwali, ko mai saye na gaba zai so mayar da ita yadda take.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wurin saye. Akwai bambar da aka yi wa motar 1980 kanta, akwai kuma wadda masu kayan gyara ke zubawa da siffar 1980 amma don ta hau bodin 1974 zuwa 1979. Ta biyun nake ba ka shawara. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa: ramukan fitilun nan huɗu, na wace shekara aka yanka? Fitilun bayan 1980 ba ɗaya suke da naka ba, in ka yi kuskure sai ka sake kashe kuɗi a kan fitilu da gyaran waya. Haka ma mazaunin lamba da fitilarta, da ramukan tambari.

Sai kayan da aka yi ta da shi. Ta asali robar yuretan ce, tana lanƙwasa in an taɓa ta, amma rana na cin ta, ga shi kana Texas. Ita ce ta zama ƙanzo a motarka. Kuma fentinta sai an zuba masa sinadarin da ke sa shi laushi, in ba haka ba ya faffashe. Akwai ta faiba zalla, irin kayan bodin motar, tana riƙe fenti da siffa shekara da shekaru, sai dai ba ta da haƙuri: ɗan karo a wurin fakin, ta tsage. Akwai kuma faiba mai ɗan laushi, tsaka-tsaki. Ni ita nake zaɓa, domin tana yarda a ɗan ja ta ta bi bakin bodi.

Ranar aiki, ka fara cire fitilun baya da akwatin safaya da ke ƙarƙashi, sannan hannunka zai isa notunan. Murfin na manne ne da wasu siraran ƙarafa masu haƙoran kusoshi da suka bi gefensa ta ciki. Bayan shekara arba'in da ɗoriya tsatsa ta gama da su. Ka fesa musu mai tun daren jiya, duk da haka za ka ji wasu na karyewa ƙas a bakin sufana. Kada ka damu, sababbi za ka saya, ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kada a kuskura a yi fenti kafin a gwada. Wannan ita ce maganar da na fi nanatawa, ita ce kuma aka fi ƙetarewa. A ɗora bambar tsirara, a riƙe ta da matsi, ka ja baya taku biyar ka duba layin da ta haɗu da bodi. Za ka ga nan ta haura da kaurin ashana, can ta nutse, kusurwa ɗaya ta buɗe baki. Ba laifin bambar ba ne kaɗai. Bodin waɗannan motoci faifan faiba ne da aka manna da gam, da wuya ka sami biyu da suka zo daidai wa daida. Fanabitan da ya saba da ƙarfe ba guduma zai ɗauka a nan ba, samfefa ce da faiba da haƙuri: a goge, a cika, a sake ɗorawa, wani lokaci har sau huɗu. Sai ta zauna sannan a huda ramuka. Wurin ɗaurewa a fara daga tsakiya a tafi gefe, a hankali, don in aka matse noti da ƙarfi sai wurin ya lotsa, bayan fenti ka riƙa ganin tabo a jere. In sabuwar faiba ce, a shanya ta a rana na 'yan kwanaki ta gama motsinta.

Idan sabon murfin ya tokari ƙarfen ciki, a rage inda ya tokara kawai. Wasu kan cire ƙarfen gaba ɗaya don sauƙi. Kada ka yarda. Tankin man wannan motar a baya yake, saman safaya, ƙarfen nan shi ne tsakaninsa da motar da ke bin ka.

Wani abu da za ka lura bayan an gama: Chevrolet ba baya kaɗai ta sauya a 1980 ba, har gaba ta yi wa leɓe mai tare iska, su biyun ne suka sauko da ma'aunin jan iska, wato yadda iska ke tokare mota in tana gudu, daga 0.503 zuwa 0.443. Baya kaɗai ba zai ba ka wannan ba, kwalliya ce za ka samu, kuma wasu na ganin motar ta yi nauyi ta baya. In hakan ya dame ka, leɓen gaba irin na Corvette ɗin da ta shige gaban 'yan tsere wurin buɗe tseren motoci na Indianapolis 500 a 1978, wanda aka sayar a matsayin zaɓi a 1979, yana ɗauruwa a ƙarƙashin hancin taka da notuna.

Fenti kuma kada mai fenti ya dogara da lambar launi kawai. Na jikin motarka ya sha rana ya koɗe, sai ya haɗa launin a gefen motar, ya fesa a ɗan faifai, ku fita da shi waje da rana tsaka ku kara a jikin bodi kafin ya taɓa bambar.