Hukuncin neman magani ta hanyar hifnosis da zaman tattara hankali

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina karatu a Ingila, kuma shekara biyu ke nan ciwon hanji ya sa ni gaba: murɗa, kumburin ciki, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita. Likita ta ce in gwada hifnosis, wato a natsar da mutum da magana har ya shiga wani hali mai kama da barci, ko in shiga ajin tattara hankali a kan numfashi. Mahaifiyata ta ce aikin bokaye ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Tsoron mahaifiyarki yana da tushe. Lajna Da'ima, kwamitin fatawa na Saudiyya, ya haramta hifnosis, wanda Larabawa ke kira tanwimul magnaɗisi, bisa siffar da aka san shi da ita: a kwantar da mutum, a ɗora masa aljani, ya riƙa ba da labarin abin da ya ɓata ko ya ɓoyu. Wannan bokanci ne, babu ja. Sai dai malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, don haka mu duba ko abin da likitarki take nufi shi ne wancan.

A 1997, a birnin Montreal na Kanada, Pierre Rainville da abokan aikinsa sun sa mutane tsoma hannu a ruwan zafi mai maki 47 a ma'aunin Celsius suna cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da magana kawai, bayan an natsar da su da hifnosis, aka ce wa mutum zafin zai dame shi ƙwarai, wani zubin a ce ba zai dame shi ba. Sashen da ke karɓar saƙon fata bai canja ba, amma sashen da ke auna damuwar ciwo ya riƙa hawa da sauka gwargwadon abin da aka faɗa. A 2016 kuma ayarin David Spiegel a jami'ar Stanford ta Amurka ya tantance mutum 545, ya sa 57 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI. Mutum 36 masu saurin shiga halin hifnosis an ga sashen da ke sa ido kan abin da ke kewaye ya lafa, alaƙar gaban ƙwaƙwalwa da sashen jin jiki ta ƙara ƙarfi. Ga sauran 21 ba a ga haka ba. Wannan ya yi kama da ɗabi'ar da Allah ya halitta, mutane suka bambanta a cikinta kamar yadda suka bambanta a nauyin barci.

Amma ki riƙe wannan da kyau: hoto ba ya halatta komai. Na'ura ba ta ganin aljani balle ta kore shi, kuma wanda ke gaban boka ma ƙwaƙwalwarsa za ta nuna motsi. Ma'aunin yana cikin hadisin Aufu ɗan Malik a wurin Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce: "Ku bijiro mini da ruƙiyoyinku, babu laifi ga ruƙiya matuƙar babu shirka a cikinta." Bai hana maganin da suka gada daga jahiliyya kai tsaye ba, cewa ya yi a karanto masa ya ji. Ke ma ki nemi a ba ki abin da za a faɗa miki, a rubuce ko a faifan murya. In ba ya wuce "sassauta jikinki, ɗora hannu a ciki, ki ji ɗumi yana ratsa shi", magani ne, ya halatta. Sharaɗi dai ya kasance a hannun ma'aikaciyar lafiya mai lasisi, in kuma namiji ne kada ku keɓe ku biyu. Wanda ya ce zai mayar da ke wata rayuwa da kika taɓa yi, ko ya gano miki ɓarawo, ki guje shi. Na farko aƙidar kafirci ce, na biyu bokanci, kuma an tabbatar hifnosis kan sa mutum ya "tuna" abin da bai taɓa faruwa ba.

Ajin tattara hankali kuwa, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a jami'ar Massachusetts, na mako takwas, kuma asalinsa daga zaman mabiya Buda ne. An yi ta yayata wani bincike na 2011 da ya ce yana ƙara kaurin wani sashe na ƙwaƙwalwa, alhali mutum 16 kacal suka yi ajin. A 2022 jami'ar Wisconsin ta gwada da mutum sama da 200, ba ta ga wannan canjin ba. Saboda haka kada hotuna masu launi su ruɗe ki.

Zama shiru ki bi numfashinki don jijiyoyi su saki al'ada ce, kuma asalin al'adu halacci ne. Ba ibada ba ne, kada ki nemi lada da shi, kada kuma ya ci gurbin azkar ɗinki, domin da ambaton Allah zukata ke natsuwa, kamar yadda aya ta 28 ta Suratur Ra'ad ta faɗa. In aka zo haɗa tafuka a rusuna wa mutum-mutumi, ko maimaita kalmomin da ba ki san ma'anarsu ba, ki tashi ki fita.

Ki ci gaba da maganin da aka ɗora ki a kai. Faifan kuma ki fassara wa mahaifiyarki kalma bayan kalma kafin ki fara, ki nemi albarkarta.

Wallahu a'alam.