Ina zan kai ɗalibaina su ga tsirran fadama a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare a Agege. Ina so in fita da 'yan ajina su ga tsirran da ke fitowa a ruwa, amma iyaye na cewa ba komai a fadama sai sauro da taɓo. Ina ya dace mu je, kuma me zan nuna musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, don yaran da suka tashi a Agege da yawansu ba su taɓa ganin inda ruwan sama ke kwanciya ba sai a kwata.

Ku fara da Lekki Conservation Centre, wurin adana tsirrai da namun daji wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990 a fili mai hekta 78. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, ga kuma masu rakiya. Yara za su ɗoki birai da gadar sama mai tsawon mita 401, amma ki roƙi ɗan rakiya ya tsaya da su a gindin tukurwa. Ki tambaye su wa ya taɓa ganin gwangwala a rufin ɗakin kakarsa. To ga uwarta nan tsaye cikin ruwa. Daga nan su duba ƙasa: wannan taɓon da iyaye ke ƙyama shi ke shanye ruwan damina ya sake shi sannu a hankali. Inda aka cike fadama da yashi aka yi gini, ruwan bai da wurin zuwa sai titi da gidajen mutane. Ina jin ciwon wannan duk lokacin da na bi hanyar Lekki zuwa Ajah.

In da hali, wata rana ku ƙarasa Epe ku shiga kwalekwale, kowane yaro da rigar kariya. Can za su ga mangurof, itacen da saiwoyinsa ke tsaye a waje suna riƙe laka kada ruwa ya cinye gaɓa. A tsakanin saiwoyin ne ƙananan kifaye da jatan lande ke fakewa har su girma, su kai kasuwar kifi ta Epe. Ki nuna musu bado, sannan baƙuwar kainuwar nan mai fure ruwan shuni, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ta Badagry wajen 1984, take toshe wa jiragen ruwa hanya a Ikorodu.

Ki gayyaci uwa ɗaya ko biyu cikin masu ƙorafin su raka ku. Ku je da rani, in son samu ne 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya. Ku tashi bayan asuba saboda cunkoso, kowa da rufaffen takalmi da littafin zane, kuma kada yaro ya riƙe abinci a hannu, birai na fizgewa.