Tabarau Da Kwantak: Yaushe Ake Saka Wanne?

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan ido, musamman daga masu yin karɓa-karɓa tsakanin tabarau da kwantak, wato ɗan faifan roba mai laushi da ake ɗorawa a kan baƙin ido.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Aliero. Da rana kwantak nake sakawa, da dare in koma tabarau. Amma da na saka tabarau sai in ga ƙasa kamar ta lanƙwashe, har jiri ya ɗebe ni. Ko canje-canjen nan na ɓata mani ido?

Amsa: Ba ya ɓatawa, 'yar'uwa. Abin da kike yi ma shi muke so. Fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, wadda muke kira koniya, ba ta da jijiyoyin jini ko ɗaya. Mafi yawan iskar da take sha daga sarari take samunta, ta cikin hawaye. Kwantak kuwa zama yake a kanta kamar murfi, don haka cire shi da yamma hutu ne gare ta.

Jirin kuma daga tazara yake. Kwantak na manne da ido, tabarau na nesa da shi da kamar milimita 12. Ga mai matsalar hangen nesa, tabarau kan ɗan rage girman abubuwa, ya kuma lanƙwasa gefe-gefe, musamman idan lambarsa, wato awon ƙarfin gilashin, ta yi yawa. Ƙwaƙwalwa na buƙatar 'yan mintoci ta saba. Ki zauna kaɗan kafin ki sauka matakala. Idan jirin ya ƙi wucewa ko ya zo da ciwon kai, zargina na farko shi ne tabaran ya tsufa. Na sha ganin haka: mutum ya sabunta kwantak sau uku, tabarau kuwa tun na sakandare yake fama da shi. A duba miki duka biyun.

Kada kuma ki ɗauki lambar tabarau ki yi odar kwantak da ita ta waya. Idan lamba ta kai wajen 4, ta tabarau da ta kwantak sukan bambanta, kuma kwantak na da nasa awon na faɗi da lanƙwasa wanda sai an gwada a idonki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni a Argungu nake. Sau biyar nake alwala, ruwan rijiya muke amfani da shi. Sai na cire kwantak kowane lokaci? Kuma in ruwan wankinsa ya ƙare, zan iya jiƙa shi a ruwan leda?

Amsa: Bari in fara da ta biyun, don ita ta fi tayar mani da hankali. A'a. Ba ruwan leda, ba na famfo, ba na rijiya, ba tafasasshe, balle miyau. Akwai wata ƙwayar halitta da ake kira akantamiba, tana rayuwa a ruwa da ƙasa, ido ba ya ganinta. Ka sha ta ba abin da za ta yi maka. Amma idan ta samu kwantak sai ta maƙale a jikinsa, ta kwana a ƙarƙashinsa, ta fara cin koniya. Ciwon na da zafi ƙwarai, maganinsa kan ɗauki watanni, wani lokaci ya bar tabon da ba ya gogewa. Ranar da ruwan wankin ya ƙare, ranar tabarau ce, shi ke nan.

Alwala kuwa ba sai ka cire ba. Ka runtse ido sosai lokacin wanke fuska, ka bar ruwan ya tsane daga gira da gashin ido kafin ka buɗe. Cirewa da mayarwa sau biyar da jiƙaƙƙen hannu ya fi barinsa hatsari. Abin da ya shafi hukuncin alwalar kanta, malamai ne masu wannan fage. Wanka da iyo dabam ne: in za ka faɗa kogin Matan Fada, ko ka shiga fadamar shinkafa, ka bar kwantak a gida. Lokacin sussuka ma haka, domin ƙaiƙayi na iya karce koniya ya shigar da cutar da ke da wuyar magani.

Ɗan akwatin ajiyar kwantak, a zubar da ruwan wankin jiya kullum, kada a yi masa ƙari a kai, a kife shi ya bushe, a canza shi duk wata uku. In da hali, kwantak na kwana ɗaya da ake yarwa da dare ya fi dacewa da irin ruwanmu, sai dai tsada.

Tambaya: Ni kabu-kabu nake yi a Jega. Tabarau na damuna da ƙura, sai in yi ta gogewa. In koma kwantak?

Amsa: Malam, ƙurar da kake gogewa a gilashi ita ce da za ta shiga idonka. Da hunturu iska ta bushe, kana gudu a kan babur, kwantak zai bushe ya riƙa yi maka kamar tsakuwa. Ka riƙe tabaranka, ka samu hular kwano mai gilashi. Kuma ka daina goge shi da bakin riga yana bushe, ƙurar ce ke karce shi. Ka ɗauraye da ruwa da ɗan sabulu tukuna.

Tambaya: Likita, ɗiyata za ta yi aure a Birnin Kebbi. Mai kwalliya ta ce za ta saka mata kwantak mai launi. Yarinyar tabarau take sakawa, ba ta taɓa gwada wannan ba. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ki tambayi mai kwalliyar abu ɗaya: sabo ne a rufe, ko wanda wata amaryar ta saka ne aka mayar a kwalba? Idan na biyun ne, ki hana, ko za a ji haushi. Kwantak ba ɗankunne ba ne da ake aro. Sannan mai launin da ake sayarwa a shagon kayan kwalliya galibi ba shi da lamba, ke nan amarya za ta cire tabaranta ta wuni ba ta gane 'yan biki. Idan tana so da gaske, a kai ta asibitin ido makonni kafin biki, a auna ta, ta koyi sakawa da cirewa da hannunta. A saka kwantak kafin kwalliya, a cire shi kafin a wanke kwalliyar. Kwalli kuma kada a zizara shi a cikin fatar ido ranar, don burbushinsa kan shige ƙarƙashi. Kuma komai gajiyar biki, kada ta kwanta da shi.

Tambaya: Na yi barci da kwantak kwana biyu a kan hanyar Yauri. Yanzu ido ɗaya ya yi ja, yana hawaye, ba na son haske. A kemis an ce afolo ne, an ba ni magani na ɗigawa.

Amsa: Ka cire shi yanzu, kada ka mayar, ka saka tabarau. Kada ka ji tsoron wai ya zarce bayan ido, babu hanya, akwai fatar da ta toshe wurin. Barci da kwantak na ninka hatsarin kamuwa da cutar koniya kamar sau 6 zuwa 8. Jan ido ɗaya mai zafi da gudun haske ga mai kwantak, mu gyambon koniya muke ɗaukarsa har sai mun duba mun ga ba shi ba ne. Afolo yakan bi gida ne ya kama ido biyu, ga kwantsa. Maganin da aka ba ka ka dakata da shi, domin da yawa daga irinsu na ɗauke da wani sinadari da ake kira sitiroyid, wanda ke kwantar da ja yayin da gyambon ke ƙara zurfi. Yau ɗin nan ka nemi likitan ido, in babu a kusa ka wuce Birnin Kebbi. Ka tafi da kwantak ɗin da akwatinsa da kwalbar maganin, za a so a gan su.