Tsufan Ɓera da Bushewar Idon Dattijo

Tambaya: Malam, mahaifina a nan Argungu ya haura shekara 70, kullum yana cewa idonsa kamar an zuba masa yashi, musamman da hunturu. Na ji cewa a jikin ɓeraye ake binciken wannan matsala. Mece ce alaƙarsu?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ɓeran ɗakin gwaje-gwaje shekara 2 zuwa 3 yakan rayu, shi ya sa masana ke iya bin tsufansa cikin ɗan lokaci. Idan ya kai wata 24, babbar maɓuɓɓugar hawayensa, wadda ke ƙarƙashin fata kusa da kunne, takan canza: ƙwayoyin da ke samar da hawaye su motse, tabo ya maye gurbinsu, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a ciki, furotin ɗin da take fitarwa ya ragu. An ga makamancin haka a tsofaffin mutane, kuma a ganina nan ne darajar binciken take.

Duk da haka, ka kai Baba wurin likitan ido kafin a ɗiga masa komai, domin ciwon suga da wasu magunguna ma suna busar da ido.