Bitar izinin ma'aikata sau ɗaya a shekara ta isa?

Malam, ka tambaya ko ya isa kamfani ya duba izinin shigar ma'aikata cikin kwamfutocinsa sau ɗaya a shekara. A ganina bai isa ba. Asusun sauran ma'aikata a duba shi duk wata shida, na masu ikon buɗe wa wasu ƙofa kuwa, wato masu ba wasu izinin shiga, duk wata uku.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne wajen canjin sashe. Mutum ya bar sashen kuɗi ya koma na saye-saye, an ƙara masa sabon izini, tsohon kuwa ba wanda ya tuna da shi. Sai ka tarar mutum ɗaya yana iya shigar da ɗan kwangila, ya kuma amince a biya shi. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Kada ka ɗora wa sashen kwamfuta hukuncin. Su dai su fitar da jerin sunaye daga Active Directory (manhajar Microsoft mai riƙe da sunaye da izinin masu shiga kwamfutocin kamfani), shugaban kowane sashe ya tantance ya sa hannu, don shi ya san aikin kowa. Ka adana takardar, masu binciken ISO 27001 (ma'aunin tsaron bayanai na duniya) za su neme ta. Wanda ya bar aiki kuwa, a rufe asusunsa ranar da ya tafi.