Washegarin gobara

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa nake sa ka ɗaukar hoton littafin shago da waya duk ƙarshen mako, alhali ga littafin nan a aljihun tebur. Zauna ka ji.

Kafinta a tsakiyar makamashi yake zaune: katako, garin katako, tina (ruwan tsinka fenti), fenti, ga wayoyin lantarki. Shi ya sa ba na yarda a tashi ba a share garin katako ba, ba a kashe babban makunni ba. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake shafa wa katako, kuwa, in ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi har ya kama da kansa, ba ashana ba tartsatsi. Tsoma shi a ruwa ko ka shanya shi a waje.

Tukunyar kashe gobara, duba allurarta duk wata, ta tsaya kan kore. Mai hoda ce ta dace da mu, don tana kashe wutar katako da ta fenti da ta lantarki. Kul ka watsa ruwa a wutar tina ko ta lantarki. Gindin wuta za ka nufa, ba harshenta ba, kuma ƙaramar tukunya cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 take ƙarewa. In ta ƙare wuta na ci, fita, ka ƙirga yara, ka kira 'yan kwana-kwana. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma babu injin da ya kai ran mutum.

To amma abin da ya fi durƙusar da mai sana'a shi ne washegari. Wanda ya ba da kafin alƙalami zai zo yana neman gadonsa ko kuɗinsa. Mai katako zai zo da lissafinsa. Mai bin ka ba ya mantuwa, wanda kake bi kuwa sai mai tsoron Allah zai kawo kansa. In littafi ya zama toka, da me za ka yi magana? Shi ya sa hoton ma ba na barin sa a waya ɗaya, sai an tura shi imel. Haka rasit ɗin injuna da lambobin jikinsu, domin kamfanin inshora ko na takaful, wato inshorar Musulunci, hujja yake nema kafin ya biya.

Ina kuma ware abin da zai riƙe yara da haya na ɗan lokaci, ba na taɓa shi ko aiki ya yi ƙasa. Akwai abokin sana'a da muka yi alkawari, wanda masifa ta samu ya ƙarasa ayyukan mutane a kan injin ɗan'uwansa.

Ambaliya ma haka. Ɗaga injuna da busasshen katako daga ƙasa tun ruwa bai zo ba. Injin da ruwa ya shiga, kada ka kunna shi sai ya bushe sarai, mai gyaran lantarki ya gwada shi.